Naget da kazar ƙanƙara: wa ya fara, kuma wa ya ci riba?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin cikinmu. Waɗannan 'yan gutsattsarin kaza da ake turbuɗawa a fulawa da garin burodi a soya, waɗanda ake kira naget, yanzu duk odar da zan karɓa ta suna ko ta walimar makaranta sai an ce in saka su. To na ga wani ya rubuta wai ba nama ba ne sam, wai fata ce da ƙashi da kayan ciki ake niƙewa a zuba musu launi. Wani kuma ya ce McDonald's ne suka ƙirƙiro shi. Ina gaskiyar take? Ba na son in riƙa ciyar da 'ya'yan mutane abin da ban san asalinsa ba.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ai Hajiya ba sai an kira malamai ba, McDonald's ne. Sunan ma McNuggets. An gama magana.

Malam Sabo Zariya: Ba a gama ba, ɗana. McDonald's su suka yaɗa shi, amma an riga su da shekaru kusan 20. Wanda ya fara warware matsalar wani malamin jami'a ne, Robert C. Baker, farfesan ilimin kiwon kaji a Jami'ar Cornell da ke jihar New York. A 1963 shi da ɗalibinsa Joseph Marshall suka wallafa yadda ake niƙa naman kaza, a dunƙula shi, a yi masa riga ta ƙullu, a daskarar, sannan a soya ba tare da ya wargaje ba.

Kada ku raina wannan. Matsala biyu ce ta gagari masana'antu a lokacin. Ta farko, niƙaƙƙen naman kaza ba ya haɗa jiki sai an ɗura shi cikin wata fata. Ta biyu, rigar ƙullun tana ɓarewa, don nama yana tsukewa a firiza, kuma yana fitar da tururi idan ya shiga mai mai zafi. Baker ya cuɗa naman da gishiri da ruwan khal, ya rage masa ruwa, ya haɗa da garin madara da garin hatsi don su riƙe shi. Gishirin nan shi ne sirrin: yana jawo wani sinadarin gina jiki daga cikin tsokar, ya yi danƙo, idan ya ji wuta ya ƙame ya riƙe komai. Ya gwada sayar da abin a wasu shagunan yankinsu, mutane suka saya. Abin da ya fi ba ni mamaki game da mutumin shi ne bai yi rajistar mallakar fasahar ba. Ya buga bayanin a mujallar jami'a, aka aika wa ɗaruruwan kamfanoni kyauta. Ya rasu a 2006, bai yi arziki da naget ba.

Ɗan Tudun Wada: To Malam, idan bai yi rajista ba kuma bai yi kuɗi ba, wa zai ce shi ne? Ni dai wanda ya kai kaya kasuwa shi na sani.

Anti Rakiya Maryland: Ƙanena, kai ɗan kasuwa ne a jini, shi ya sa. Amma bari in ƙara wa Malam, don a nan inda nake zaune harkar ta samo asali. Yankin da ake kira Delmarva, inda jihohin Delaware da Maryland da Virginia suka haɗu, idan kana tafiya a mota ba abin da kake gani sai dogayen rumfunan kaji. Labarin da kowa ya sani a nan shi ne na wata mata, Cecile Steele, a garin Ocean View. A 1923 ta yi odar 'yan tsaki 50 don ƙwai, aka yi kuskure aka kawo mata 500. Maimakon ta mayar sai ta kiwata su ta sayar a matsayin nama, ta ga riba, bayan shekara 3 tana da kaji 10,000. Maƙwabta suka kwaikwaya. Kafin wannan lokacin Ba'amurke yana kiwon kaza ne don ƙwai, namanta sai ranar Lahadi ko idan ta tsufa ta daina saka.

Gwaggo Ladidi: Ashe su ma da sai an yi baƙo ake yanka kaza. Allah Sarki.

Malam Sabo Zariya: Haka ne Gwaggo. Kuma abin da Hajiya Rakiya ta kawo shi ne ginshiƙin maganar, don tambayar da ya kamata a yi ita ce: me ya sa farfesa guda zai zauna yana neman yadda zai dunƙula naman kaza? Ba don daɗin baki ba ne. Kaji ne suka yi yawa aka rasa yadda za a yi da su.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta ƙayyade naman shanu da na sauran dabbobi, kowa da ɗan rabonsa, amma ba ta saka kaza a ciki ba. Manoma suka faɗaɗa kiwo. Bayan yaƙi kuma wani babban kamfanin shaguna mai suna A&P ya ɗauki nauyin gasar samar da kazar da za ta fi tsoka da saurin girma, aka yi ta ƙasa baki ɗaya a 1948 da 1951. Wani makiyayi daga California, Charles Vantress, ya yi nasara da barbarar da ya haɗa tsakanin irin Cornish da irin New Hampshire. Kajin gidan gona da muke kiwo yau a Zariya da Jos da Ibadan, mafi yawansu daga wannan zuriya da ta gonar kajin Arbor Acres suka gangaro. Ku duba bambancin: a 1925 kazar nama tana ɗaukar kwana 112 kafin ta kai kilo ɗaya da 'yan kai. Yau cikin kwana 47 tana kusan kilo 3.

To kaza ta yi yawa, ta yi arha, amma naman shanu ya dawo kasuwa, kuma matan gida ba sa son wahalar kaza guda. A farkon shekarun 1960 fiye da kashi 80 cikin 100 na kajin Amurka ɗungurungum ake sayar da su. Ta yi wa mutum ɗaya yawa, ta yi wa babban gida kaɗan, ga aikin yayyankawa. Aikin Baker shi ne ya nemo wa manoman New York hanyar da kazarsu za ta fita. Shi ya sa ban da naget ya ƙirƙiro wasu kayayyakin fiye da 40 daga kaza da talotalo da ƙwai. Yau a Amurka kazar da ake saya guda ba ta wuce kusan kashi 10 ba.

Isiyaku Mai Firiza: Malam ranka ya daɗe, kun manta da mu masu ƙanƙara. Duk wannan ba zai yiwu ba in ba a iya daskarar da nama ya yi watanni ba. Ni sana'ata ce, kifi da kaza nake sayarwa a Kaduna, don haka na bi labarin. Clarence Birdseye sunan mutumin. Ya zauna a Labrador, can arewacin Kanada, wajajen 1912 zuwa gaba, yana fataucin fatu. Ya ga mutanen Inuit, 'yan asalin yankin, suna kama kifi, iska mai tsananin sanyi ta daskarar da shi nan take, bayan watanni a narkar a ci kamar yau aka kama. Ya gane cewa saurin daskarewar ne sirrin. Idan nama ya daskare a hankali, ruwan cikinsa yana zama manyan ƙwayoyin ƙanƙara da ke yayyaga tsokar, da ya narke sai ya yi laɓo-laɓo, ruwan daɗin ya tsiyaye. Idan ya daskare da sauri ƙwayoyin ƙanana ne, ba sa ɓarna. Ya ƙera injin da ke matse kaya tsakanin faifan ƙarfe biyu masu sanyi, a 1929 ya sayar da kamfaninsa a kan dala miliyan 22, a 1930 aka fara sayar da kayan Birds Eye a shagunan garin Springfield na Massachusetts. Kuma kifi ne ya riga kaza shiga wannan layi, don 'yan sandunan kifi masu rigar garin burodi sun fito a 1953, shekara 10 kafin na Baker.

Maman Ikram: Yanzu na gane dalilin da ya sa kazar da na saka a firizar gida take fitowa ba daɗi idan wuta ta yi ta zuwa tana ɗaukewa.

Isiyaku Mai Firiza: Shi ne fa Hajiya. Duk narkewa da sake daskarewa ƙanƙarar tana ƙara girma. Maki 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius ake so ta zauna, ba motsi.

Ɗan Tudun Wada: Har yanzu ba wanda ya gaya mini inda McDonald's suka shigo.

Anti Rakiya Maryland: Ka yi haƙuri mana, ga shi nan. A 1977 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata George McGovern ya fitar da shawarwarin cin abinci, aka ce a rage kitse da jan nama saboda ciwon zuciya. Mutane suka fara gudun naman shanu, shi kuma McDonald's da naman shanu ya ginu. Suna da wani ƙwararren kuku ɗan ƙasar Luxembourg, René Arend, wanda ya yi aiki a manyan otal-otal. Yana can yana gwada 'yan dunƙulen albasa sai shugaban kamfanin, Fred Turner, ya ce masa ya gwada da kaza. Wannan a 1979 ke nan. Kamfanin Keystone Foods ya samar da hanyar sarrafa naman da inji, Gorton's masu kifi suka taimaka da ƙullun. An gwada a garin Knoxville na jihar Tennessee, mutane suka yi rububi, amma sai a 1983 ya kai ko'ina a ƙasar, don kajin ba su isa ba. Har sai da kamfanin Tyson ya samar musu da irin kaza mai faɗin ƙirji musamman don wannan. Cikin ƙanƙanin lokaci gidan da aka sani da naman shanu ya zama na biyu wajen kaza a Amurka, bayan KFC.

Abin dariyar shi ne mutane sun gudu daga kitsen shanu suka faɗa cikin abin da aka tsoma a tafasasshen mai.

Ɗan Tudun Wada: To ai maganata ce ta fito. Farfesa ya rubuta takarda, McDonald's suka canza duniya.

Malam Sabo Zariya: Ban yi musun wannan ba. Tambayar Hajiya wa ya ƙirƙiro, ba wa ya yi kuɗi ba. Kuma ko a Amurkan ba su kaɗai ba ne. Soyayyun fukafukai masu yaji na garin Buffalo a 1964 suka fito, daga hannun wata mata Teressa Bellissimo, a lokacin da fiffike abin romo ne ko na zubarwa. Siraran tsokar ƙarƙashin ƙirji, gidan abincin Puritan Backroom na Manchester a New Hampshire ne ya shahara da soya su tun 1974. KFC suka kawo 'yan mitsi-mitsin nan masu girman gugguru a 1992. Duk hanya ɗaya ce: a nemi wani sashe na kazar a ba shi suna a sayar da shi shi kaɗai.

Nura Ɗalibi a Indiya: Salamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah kada a mayar da komai na Amurka. Yanka kaza ƙanana a soya da kayan yaji ba su suka fara ba. Japanawa suna da karaage, mutanen Taiwan suna da tasu ta bakin titi mai gishiri da barkono. A nan Indiya akwai Chicken 65, wadda aka fara a 1965 a birnin Chennai, a wani otal mai suna Buhari.

Ɗan Tudun Wada: Kai Nura, ka ji tsoron Allah.

Nura Ɗalibi a Indiya: Wallahi Yaya, Buhari Hotel, mai shi A. M. Buhari, Musulmi ɗan Tamil Nadu. Yana nan har yau. Bambancin kawai shi ne waɗannan yankan nama ne na gaske, a soya a ci a take. Abin da Amurkawa suka ƙara shi ne niƙawa da daskarewa da kwali.

Alhaji Mamman Kumasi: Duk wanda ya je Hajji ko Umara kuma ya san layin Al Baik. Tun 1974 suke a Jidda. Alhazanmu da yawa can suka fara ɗanɗana naget, ba a McDonald's ba, tunda McDonald's ba su da shago ko ɗaya a Najeriya ko Gana.

Maman Ikram: Na gode ƙwarai. Saura rabin tambayata. Nama ne ko tarkace?

Dakta Hauwa: Anti, amsar tana tsakiya, kuma ta danganta da kamfani. A 2013 wasu likitoci a asibitin Jami'ar Mississippi, ƙarƙashin Dakta Richard deShazo, sun sayi naget daga manyan gidajen abinci biyu, suka duba da madubin likita, suka wallafa a mujallar American Journal of Medicine. A ɗaya tsoka kusan rabi ce, a ɗayan ba ta ma kai rabi ba. Sauran kitse ne, da jijiyoyi, da fata, har da ɓurɓushin guringuntsi da ƙashi a ɗayan. Sai dai guda biyu kawai suka duba, ba za a yi wa kowa hukunci da su ba. McDonald's kuwa tun 2003 suka koma farin naman ƙirji, a 2016 suka cire sinadaran hana lalacewa na roba daga nasu a Amurka. Canjin 2003 ɗin ya zo ne a shekarar da wani alƙali a New York, Robert Sweet, ya caccaki McNuggets a wata shari'ar ƙiba, ya ce haɗe-haɗe ne na abubuwan da mai girki a gida ba ya amfani da su.

Ni abin da ya fi damuna ba guringuntsi ba ne, mu da muke tauna ƙashin kaza har ɓargo. Gishiri ne da mai. Sai kuma wani haɗari da mutane ba su sani ba: wasu na kwali ɗanye ne a ciki, an ɗan soya bayan ne kawai ya yi ja. Uwa ta ga launi ta ɗauka dafaffe ne, ta ɗumama ta ba yaro. An samu ɓarkewar cutar salmonella ta wannan hanya a Kanada har suka tsaurara doka a 2019, an kuma samu a Ingila a 2020. A karanta kwali, a tabbata cikinsa ya kai maki 74 na zafi.

Gwaggo Ladidi: Ni fa 'yata duk wannan bayani bai sa na ji sha'awa ba. Kazar da ba ta yi wata biyu a duniya ba, ba ta taɓa tona ƙasa ba, ina za ta samu ɗanɗano? Shi ya sa sai an yi mata riga an bulbula gishiri. Na ci sau ɗaya a gidan jikata, awara ta fi shi sanin inda ta dosa. A ba ni kazar Hausa ko zabuwa, a yi farfesu, in ci in san na ci.

Isiyaku Mai Firiza: Gwaggo, Allah ya ja kwana, kazar Hausa guda nawa mai albashi zai iya saya wa gida mai mutum goma?

Gwaggo Ladidi: Da can ma ba kullum ake ci ba, kuma ba mu mutu ba.

Alhaji Mamman Kumasi: Bari in shigo da inda abin ya shafe mu, don Malam Sabo ya taɓo shi bai ƙarasa ba. Kaza ƙirji ɗaya gare ta, cinya biyu, baya, wuya, ƙafafu. Idan Ba'amurke da Bature suka ce ƙirji kawai suke so don naget da sanwici, ina sauran za su? Ba a zubarwa. Daskarewa ake yi a loda a jirgin ruwa. Ƙafafu su tafi Chaina. Cinyoyi suka fara tafiya Rasha a 1990, lokacin da Tarayyar Sobiyet ke rugujewa, har Rashawa suka raɗa musu suna cinyoyin Bush, shugaban Amurka na lokacin. Baya da fukafukai da cinyoyi kuma suka nufo Tema da Kwatano da Luwanda. Kamfani ya riga ya ci ribarsa a ƙirji, don haka sauran ko a nawa ya sayar riba ce. Wannan ita ce kazar kwali da ake soyawa a kowane lungu na Kumasi da Accra, daga Amurka da Turai da Brazil. Mafi yawan kazar da ake ci a Gana yau daga waje take zuwa. A 2003 majalisarmu ta ɗaga harajin shigo da ita daga kashi 20 zuwa 40, ba a daɗe ba aka janye bayan matsin lambar Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Amma zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. A Zango, yaron da uwarsa ke sayar da wake da shinkafa yana samun cinyar kaza a kwanonsa saboda wannan kazar. Lokacin da nake yaro sai da Sallah.

Bello Garwa: Alhaji, da girmamawa, ban yarda ba. Mu a Kamaru mun ga wannan fim ɗin har ƙarshe. Daga tsakiyar shekarun 1990 kazar ƙanƙara ta cika Duwala da Yawunde, a 2003 ta haura tan 20,000, masu kiwo suka yi ta rufe gonaki. Sai ƙungiyar kare muradun jama'a ta ACDIC, ta marigayi Bernard Njonga, ta tashi. Suka ɗebi samfura daga kasuwanni suka kai Cibiyar Pasteur ta Yawunde, aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 ba su dace mutum ya ci ba. Ba don an kawo su a ruɓe ba, a'a, a kan tebur a rana ake baje su, da yamma a mayar firiza, gobe a sake fitowa da su. Mutane suka fusata, gwamnati ta taƙaita shigowa sannan ta toshe, kiwon gida ya farfaɗo. Senegal ma ta rufe tun 2005. Yaron Zangon da kake magana, in babansa na da aiki a gonar kaji ko yana noma masarar da za a ba su, shi ma zai ci cinya.

Alhaji Mamman Kumasi: Malam Bello, zai ci a nawa? Ka tambayi 'yan Najeriya. Sun hana tun zamanin Obasanjo, farkon shekarun 2000. Ta daina shigowa?

Isiyaku Mai Firiza: Ba ta daina ba Alhaji, gaskiya ɗaya ce. Jamhuriyar Benin tana shigo da abin da ya fi ƙarfin cikinta nesa ba kusa ba, kowa ya san inda sauran ke zuwa. Ta Seme da Idiroko take bi, a but ɗin mota, ba sanyi ba komai, awa da awanni. Kwastan su kama su haƙa rami su binne, gobe wata ta shigo. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa ana samun sinadarin adana gawa a irin wannan. Ko da aka rufe iyakoki a 2019 raguwa ta yi. Ni ta gonakin gida nake sayarwa, amma kullum sai wata ta zo ta ce ita mai tauri take so, irin ta Kwatano, wai ta fi jure miya. Waccan kuwa tsofaffin kajin ƙwai ne da Turawa suka gama da su. Abin da ke ba ni haushi shi ne an ɓata wa ƙanƙara suna. Laifin na hanya ne da rashin wuta, ba na firiza ba.

Ustaz Abdulhadi: Jama'a kun yi ta maganar lafiya da farashi, ba wanda ya tambayi wa ya yanka. Kaza guda idan ka saya a kasuwa kana tsaye ake yankawa. Naget fa? Naman kaji masu yawa ne aka gauraya a inji ɗaya. A manyan mayankan waje kaji suna rataye a sarƙa, a sumar da su da lantarki ko iskar gas, wuƙar inji ta bi ta kansu. Malamai sun yi saɓani a kan yankan inji da kuma sumarwa kafin yanka, wasu sun halatta da sharuɗɗa, wasu sun ce sai hannun Musulmi da bisimilla a kan kowace. Brazil ta daɗe da gane wannan kasuwa, tun shekarun 1970 kamfanin Sadia ke kai kaza ƙasashen Larabawa, da mayanka na musamman. Ko a Amurka, a garin Dearborn na Michigan inda Musulmi ke da yawa, rassan McDonald's biyu sun yi shekaru suna sayar da McNuggets na halal, aka kai ƙara cewa an sayar da wanda ba halal ba da sunan halal, aka sasanta a kan dala 700,000 a 2013, daga nan suka daina gaba ɗaya. Hajiya Maman Ikram, shawarata ki sayi kazar da kika san yankanta ki yi naki.

Maman Ikram: In sha Allahu Malam. Malam Sabo, in bi hanyar farfesan nan ke nan? Gishiri tun farko?

Malam Sabo Zariya: E Hajiya. Ki haɗa ƙirji da ɗan naman cinya don kada ya bushe. Ki niƙa shi da sanyinsa, ki cuɗa da gishiri har ki ji ya fara kama hannu. Ki dunƙula, ki jera a faranti ba tare da sun taɓa juna ba, su ɗan ƙame a firiza, sannan fulawa, ƙwai, garin burodi. Ki mayar su daskare a jere kafin ki zuba a leda. Ranar suya kada ki narkar, daga firiza sai mai.

Nura Ɗalibi a Indiya: Ustaz, ga wata sabuwa. A Disambar 2020 Singafo ta amince a sayar da naman kaza da aka samar daga ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, na kamfanin Eat Just, kuma a siffar naget aka fara sayar da shi. Babu yanka sam.

Ustaz Abdulhadi: Wannan sai mun buɗe masa zaure na daban, ɗana. Tambayar farko ita ce daga jikin wace kaza aka ɗebo ƙwayoyin, yankakkiya ko mai rai, don abin da aka yanko daga dabba tana raye hukuncinsa na mushe ne.

Bello Garwa: Alhaji Mamman, ban manta da kai ba. Fasa-ƙwauri a Seme ba hujja ba ce a kan hanin, hujja ce a kan masu gadin iyaka.

Alhaji Mamman Kumasi: Hujja ce a kan farashi, Malam Bello. Ba wanda zai yi kasadar ɗauko kaza a but tun daga Kwatano in ta gida ta fi arha.

Malam Sabo Zariya: A nan Alhaji ya fi kusa da lissafi. Abinci shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kaza, masara da waken suya. Manomin Brazil a tsakiyar gonakin masara da waken suya yake kiwo. Namu yana takara da mai tuwo da mai koko a kan buhu ɗaya, ga dizal na janareto, ga murar tsuntsaye da ta fara shigo mana ta jihar Kaduna a 2006 kuma take dawowa lokaci-lokaci. Sannan shi kaza guda yake sayarwa, ribarsa a kan dukkan jikinta take, yana gogayya da wanda ya riga ya fanshe kuɗinsa a ƙirji.

Bello Garwa: To shi ya sa ake buƙatar katangar, Malam. Amurkan da kanta tallafi take ba manoman masararta, ba ta bar su ga kasuwa ba.

Isiyaku Mai Firiza: Ku ci gaba, ni an ɗauke wuta, bari in je in tayar da janareto kafin kayan mutane su fara zufa.